An ba mu dashe 400: in biya masu ban ruwa ko in kira gayya?

Ɗan Ɓaɓura: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Wata ƙungiya za ta kawo wa ƙauyenmu dashe 400 da zarar ruwa ya zauna, darbejiya da turare da ɗan mangwaro. Dagaci ya ɗora min jagoranci wai ni ne ɗan boko. Sun ba da naira dubu 150 na kula, daga nan babu ƙari. A filin firamare da gefen maƙabarta za a dasa. Tuƙa-tuƙa ɗaya gare mu, ita ma tun asuba ake layi a kanta. To in ɗauki samari uku in riƙa biyansu ban ruwa da rani har kuɗin su ƙare, ko in sayi waya in kewaye, ban ruwa kuma a yi gayya? Kuɗin ba za su isa duka biyun ba. Ga shi rabin samarinmu ci-rani suke tafiya bayan kaka.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Zogale za ku shuka malam, shi ne kuɗi yanzu.

Ɗan Ɓaɓura: Ba ni na zaɓi irin ba, abin da za su kawo ke nan.

Tsohon Ciyaman: Ƙanena, in da hali ka mayar wa dagaci kuɗin nan a gaban shaidu. Ni na yi wannan jagorancin shekara shida da suka wuce. Dashe 600 aka kawo mana. Ranar dasawa motoci uku suka zo, aka raba riguna da huluna, aka ɗauki hoto ina riƙe da butar ban ruwa sabuwa fil. Daga ranar duk garin suka yanke cewa miliyoyi aka danƙa min. Na kira gayya, mutum bakwai suka fito, huɗu 'yan gidanmu ne. Wani dattijo ya ce min a bainar jama'a, "Ku da kuka ci kuɗin ku shayar da abinku." Da na canza kwanon ɗakina, da kuɗin gyaɗata wallahi, sai aka ce ga bishiyoyi can sun fito a saman ɗaki. Har Alƙur'ani na dafa a zauren dagaci. Surukina ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba. Cikin 600 ɗin nan guda 11 suka rayu. Bakwai a bakin masallaci inda ruwan alwala ke gangarawa, huɗu a bayan katangar wata tsohuwa da ke zuba musu ruwan wanke-wanke, ta kuma yanko ƙayar magarya ta kewaye su da hannunta. Ko taronmu ba ta taɓa zuwa ba. Masu motocin kuwa har yau ban sake sa su a ido ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya saka maka Baba.

Sarkin Zolaya: A irin wannan kwamiti akuya ya kamata a fara naɗawa ma'aji, tunda komai cikinta yake ƙarewa.

Injiniya Abuja: Lissafi ne mai sauƙi. Jarka ɗaya naira 50, ta shayar da dashe huɗu. Jarka 100 ke nan, dubu 5 duk zagaye. Sau biyu a mako. Kuɗinka za su kai ka wata uku da ɗoriya.

Garba Mai Kura: Jarka 50 a ina ranka ya daɗe? Sana'ata ce garuwa. Da bazara 150 muke sayarwa, in layi ya yi tsawo 200.

Abu Sadik: Mu nan 100 ce har gobe.

Garba Mai Kura: Kuna da sola ne shi ya sa. Mutumin nan tuƙa-tuƙa ya ce.

Injiniya Abuja: To a sayi waya. Na sayi naɗi ɗaya dubu 35.

Tsohon Ciyaman: Bana dubu 60 aka ce min, ban da turaku. Kuma wayar ma kwance ta ake da dare. Injiniya, yaushe rabonka da kwana a ƙauye da rani?

Injiniya Abuja: Baba ai ba sai na kwana a rijiya zan san zurfinta ba. Wanda nasa aikin ya mutu shi ne zai koyar da mu?

Tsohon Ciyaman: Wanda maciji ya sara shi ya san inda ramin yake, yaro.

Bamaraɗe: Ku yi haƙuri da juna. Mu a Maraɗi mun ga wannan tun da daɗewa. An yi ta dasa itace ana kashe kuɗi, yana mutuwa. Sai wajen 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da muke sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Ka bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, shi ke nan, ba ban ruwa. Sassabin zamani muke ce mishi. Lokacin yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, an riƙa ba mutane hatsi don su bar itace a gonakinsu. Mahaifina ya karɓa. Da hatsin ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, shi ya bar kaɗan don kunya. Daga baya da aka ga gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, tunda shi da damina yake zubar da ganye, ga itacen girki, ga abincin bisashe, ba wanda ya sake jiran a biya shi. Amma babban abin, da can itacen gonarka ma tsoron ma'aikatan gandun daji kake ji a kansa. Sai da mutane suka tabbata nasu ne suka riƙe shi. Ni da ni ne kai, raba dashen zan yi gida-gida.

Ɗan Ɓaɓura: Na gode ƙwarai. Sai dai ƙungiyar ta ce a wuri ɗaya take so, don in sun zo dubawa su ƙirga.

Sarkin Zolaya: Su zo da wuri dai kafin ma'aji ta gama ƙirgawa.

Anti Nas: Ni ba bishiya na sani ba, amma na yi shekaru ina bin gida-gida ɗigon shan inna. Bayan dakatarwar da aka yi a Kano a 2003 an sha wuya. Wani maigida ya taɓa ce min, "Ɗana na kwance da zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, ku kuma kullum kuna ƙofar gidana da na kyauta wanda ban roƙa ba." Ban sami amsar ba shi ba. Da aka fara haɗawa da sabulu da duba marasa lafiya a unguwa, mai unguwa na gaba muna biye, gidan nan da kansa ya fito da yara. Har aka kai 2020 aka ce Najeriya ta rabu da cutar. Ka tambayi mutanenka me ke damunsu tukuna. Ina jin ruwa za su ce maka.

Malam Na Firamare: Haka muka gani a Kaduna a 2016 da aka fara ciyar da ɗalibai a makaranta. Ajina ya cika har taga, ana gama cin abinci ka ga sun zame ɗaya bayan ɗaya da kwanukansu.

Maman Ilham: Anti Nas ku an biya ku ma? Ƙanwata ta yi zagaye biyu na rabon gidan sauro, har yau ana ce mata sunanta bai fito ba.

Anti Nas: Hmm, kar ki tayar min da tsohon miki. Mu ke cin rana da kora, wani gidan har kare aka sakar mana, amma kuɗin zaman bita a otal wasu ke sa hannu. Akwai zagayen da na bi kuɗinsa wata biyar, kuɗin mota ya cinye rabinsa.

Malam Na Firamare: Mu ma aikin ƙirgar yaran da ba sa zuwa makaranta haka aka yi mana. Fom uku na cike.

Injiniya Abuja: Ku rubuta takardar koke mana.

Anti Nas: A kai wa wa? Wanda ya cire sunan?

Ɗan Ɓaɓura: Jama'a don Allah, ranar Juma'a bayan masallaci zan tsaya gaban dagaci. Waya ko samari?

Garba Mai Kura: In samari ne ka tuna da ni, ina da kura biyu.

Maman Ilham: Anti Nas ki duba saƙo, na turo miki lambar ƙanwar tawa, ko kin san wanda za ta gani.