"Yaƙi ɗan zamba ne": wa ya halatta a zambata?

Ɗan Ƙaura: Assalamu alaikum jama'a. A taimaka a raba mu gardama. Jiya Juma'a limaminmu ya yi huɗuba a kan tsaro, ya ce mutane su daina matsa wa hukuma sai ta faɗi abin da take yi a daji, domin yaƙi ɗan zamba ne. Muna dawowa gida muka kaure da yayana a zaure, har sai da Inna ta aiko a ce mu yi shiru. Shi yana ganin liman ya yi daidai. Ni kuwa na ce ba a nan ake ajiye wannan karin maganar ba. A watan Satumban 2021 aka yanke mana sabis a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana lodin shanu. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, wasu wuraren sai ƙarshen Nuwamba. Ɓarayin kuma suna nan har gobe. To wa aka zambata, su ko mu?

Malam na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, hadisi ne ingantacce Bahaushe ya mayar bakinsa. Amma a duba inda aka yi aiki da ita. A yaƙin Khandaƙ, Nu'aimu ɗan Mas'udu ya ɓoye musuluntarsa, ya shiga tsakanin rundunonin da suka kewaye Madina ya raba kansu. Abokan gaba aka yi wa dabara. Mutanen Madina kuwa sun san halin da suke ciki, da hannunsu suka haƙa ramin. Kuma malamai sun ce ko da abokin gaba ne, dabara ta halatta amma saɓa alƙawari bai halatta ba. Ina ga talakanka da ka rantse da Alƙur'ani za ka tsare?

Ƙanin Soja: Malam, ina girmama ka, amma ku da ke zaune a gari kuna da sauƙin magana. Yayana yana daji yanzu haka. Kun san sau nawa ake shirya fita, kafin mota ta bar bariki labari ya isa wurin ɓarayi? Infoma a cikinmu suke: mai kai burodi, mai cajin waya, mai sayar da mai, wani lokacin har da mai rawani. Yanke sabis ɗin nan don su aka yi. In bai yi aiki yadda ake so ba, a ce bai yi ba, amma kada a ce don a cuci talaka aka yi. Sojan ma ɗan talaka ne. In aka kashe shi, matarsa a waya take ji, babu gidan rediyon da zai ambaci sunansa.

Ɗan Maraɗi: Allah shi tsare yayanka. Amma mu da ke bakin iyaka mun ga yadda abin ya kasance. Ta wajen Sabon Birni layin Nijar yana kamawa, kuma mai bindiga ya fi kowa sanin tudun da ake hawa a samu. Wanda ya rasa waya shi ne mai son ya ce "ga su nan tahe". A cikin waɗannan kwanakin ne fa aka shiga kasuwar Goronyo, Oktoban 2021, aka kashe sama da mutum 40. Kuma kada ku ce ina zagin Najeriya, mu ma ga namu. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024 saboda labarin harin da hukuma ta ƙaryata. Tsohon da ya saba kunna rediyonsa da safe shi aka hukunta.

Maman Ilham: Ni abin da ya fi ci mini rai lissafin gawa. Janairun 2022, Anka da Bukkuyum: mutanen gari suka ce kusan 200 aka kashe, gwamnatin jiha ta ce 58. Tudun Biri, daren 3 ga Disamban 2023, ana Maulidi jirgi maras matuƙi ya saki bam a kan mutane: hukumar agajin gaggawa ta ce 85, Amnesty ta ce sun haura 120. Wannan ragin da ake yi, wane ɗan bindiga ake ruɗawa da shi? Shi ai ya san abin da ya yi. Uwar da ta binne ɗanta ake gaya wa ɗanta ba ya cikin lissafi.

Bakano Mai Shadda: Wallahi akwai wani ɗan majalisa, ba zan kama suna ba, da ya je jaje wani ƙauye da buhun shinkafa ɗauke da hotonsa yana murmushi. Motocin rakiyarsa sun fi buhunan yawa.

Bazazzagi: Kai Bakano ai buhunan kawai ka ƙirga, don ka san nawa za su yi a Singa.

Bakano Mai Shadda: Ka bari yaro, manya na magana. Je ka jira ubangidanka da ya ce a ba shi wata shida zai gama da ɓarayi. Yanzu ta-zarce yake nema.

Gwaggon Funtuwa: Ku tsaya da wasan nan in ba ku wani labari, don ni a bakin kakata na fara jin maganar nan, kuma ba haka take fassara ta ba.

Kakata, wadda ta haifi babanmu, ba kakanmu ne mijinta na fari ba. Tana da ƙuruciya aka yi mata aure da wani ɗan'uwanta, ba su rufa shekara ba aka zo neman mutane lokacin yaƙin Hitila. Dogarin hakimi ya zo da sanarwa cewa kowace unguwa ta ba da ƙarti. Abin da aka gaya musu shi ne aikin dako ne a Kaduna, wata uku, da albashi da takalmi. Ta ce ita da kanta ta daka masa ƙuli-ƙuli da garin danƙo ta ɗaure a tsumma, har tana ce masa ya sayo mata madubi. Ashe daga Kaduna Ikko za a kai su, a zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can dajin Burma.

Damina ta wuce, wata ta zo. Duk ranar kasuwa sai ta tura ƙaninta ya tsuguna kusa da malamin makarantar da ke karanta wa mutane jarida a gindin tsamiya. Kullum abin da yaro ke kawo mata ɗaya ne: sojojin Sarkin Ingila sun yi nasara, an kori Jafanawa daga wuri kaza. Ta ce ba a taɓa karanto sunan mutum ɗaya na ƙasarsu ba, ba mai rai ba, ba matacce ba. Sai wata rana takarda ta iso gidan hakimi, aka kira mahaifin mijin aka ce masa ɗansa ya rasu. Aka yi zaman makoki, ta yi takaba, bayan wani lokaci aka ba kakanmu ita. Ta haifi babanmu.

A 1946, tana tsakar gida tana sussuka da goyo a bayanta, sai ta ji yara sun ɗauki ihu a waje. Mutumin nan ne. Ya rame, ya yi baƙi, ga akwatin ƙarfe a kansa, ga takalmin sojan ya rataya a wuya don ƙafarsa ta kumbura. Ashe wani mai irin sunansa ne ya mutu. Ta ce taɓaryar ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba.

Aka je gaban alƙali, gari ya cika. Alƙali ya tambaye shi me yake so. Ya dubi yaron da ke bayanta ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaƙi ɗan zamba ne. Na sake ta." Washegari ya aiko wa mahaifiyarta da madubin. Ya sayo shi fa, a Indiya, mai zagayen tagulla. Ni na gan shi da idona, yana cikin kwallarta ta ƙasa, naɗe a ɗankwali, gilashin duk ya yi dishi-dishi. Ba ta duba fuska da shi, kuma ba ta yarda jika ya taɓa.

Shi ya sa duk sa'ad da ta ji ana cika baki da yaƙi a rediyo, sai ta ce yaƙi ɗan zamba ne. A wurinta yaƙin kansa ne mazambacin. Yana karɓar mutum da sunan wata uku ya dawo maka da wani abu daban.

Maman Ilham: Innalillahi. Gwaggo kin sa ni hawaye. Shi mutumin ya sake aure?

Gwaggon Funtuwa: Ya yi, 'yata, har da 'ya'ya. Gadi ya yi a wani kamfanin auduga har ya tsufa. Kuma duk sallah sai ya ɗinka wa babanmu riga. Kakanmu bai taɓa hana shi ba.

Malam na Bakin Kasuwa: Allah ya jiƙansu duka. Ga masu ilimi, a mazhabarmu akwai bambanci tsakanin matar da mijinta ya ɓace alƙali ya yanka mata wa'adi, da wadda aka kawo wa labarin mutuwar ƙarya. Ta biyun tana nan matar na fari. Shi ya sa alƙalin ya tambaye shi. Haƙƙinsa ne ya bari.

Bazazzagi: Da Bakano ne da sai an biya shi kuɗin madubi da na dako.

Bakano Mai Shadda: Allah ya shirye ka. Gwaggo, ki yi masa addu'a, mu mun gaji.

Ɗalibar Jarida: Ni wurin karatun jaridar nan a gindin tsamiya ya tsaya mini. Shekara tamanin, salon bai sauya ba. Sanarwa ta fito daga hedikwata, "an hallaka 'yan ta'adda da dama, an lalata maɓoyarsu", kowa ya kwafa ya buga, babu wanda ya taka ƙauyen. Wanda ya yi ƙoƙarin shiga daji kuma ya ga abin da ya biyo baya. A Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin bincike a kan 'yan bindiga, ta ci wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam irin wannan tarar don sun nuna shirin BBC. A 2023 Babbar Kotun Tarayya ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, amma tsoro ya riga ya shiga ɗakunan labarai.

Ƙanin Soja: Ƙanwata, to ɗaya gefen fa? A ɗora wa wanda ya yanka mutane makirfo, yana rataye da bindiga yana wa'azi, yara suna yaɗa bidiyonsa a TikTok kamar wani mawaƙi. Wannan aikin jarida ne? Ni ban ce a ɓoye Tudun Biri ba. Sojojin ƙasa sun amsa nasu ne, kuma a 2024 an ce mutum biyu za su gurfana a kotun soja.

Ɗalibar Jarida: Yaya, ban goyi bayan mai da ɓarawo tauraro ba. Amma waɗanda suka fara ɗaukar hoto da su ba 'yan jarida ba ne. Ka tuna sulhun 2019, manya da malum-malum a tsaye, tubabbe a gefensu bindigarsa a kafaɗa. Sannan me kotun sojan ta yanke? Ka ji? Kafin Tudun Biri akwai Rann a Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira da jirgin soja ya jefa wa bam. Akwai makiyayan da aka jefa wa bam a Doma ta Nasarawa a Janairun 2023, kusan mutum 40, sai bayan shekara guda sojojin sama suka nuna nadama.

Ɗan Maraɗi: Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Tsohon Hedimasta: Duk kun tafi nesa. Mu a garinmu ba a kawo maganar nan a zancen gwamnati. In yaro ya gudu daga faɗa aka yi masa dariya, sai babba ya ce a ƙyale shi, yaƙi ɗan zamba ne, wato ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. 'Yan dara ma suna faɗa in sun ba ka ɗa guda don su cinye uku. Kirarin mai wayo ne. Kuma shi ne abin da manoman da ke biyan harajin noma ga ɓarayi suke faɗa yau. Su tara miliyoyi su kai daji don a bar su su girbe gerorsu. Ka ce musu sun ƙarfafa abokin gaba, su ce maka yaƙi ɗan zamba ne, ka zo ka kwana a garin ka gani.

Maman Ilham: To Baba, ke nan liman na da tasa fassarar, manomi na da tasa, ɓarawon ma in ya karya sulhu ita zai kawo.

Tsohon Hedimasta: Ƙwarai zai kawo ta. Sau nawa aka rantse aka koma?

Bakano Mai Shadda: Ɗan siyasa ma ranar rabon tikiti ita yake karantawa. Akwai wanda ya sauya jam'iyya sau uku, duk sa'ad da ya sauya sai matsalar tsaro ta koma laifin waɗanda ya baro.

Bazazzagi: Ka ce na jiharku kawai.

Bakano Mai Shadda: Ban ce ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Gwaggon Funtuwa: Hedimasta, da rago ka ce ko da rago? Don ni "ja da baya ga rago" na san na layya ake nufi, mai ƙaho, amma jikana ya dage wai malalaci ne.

Tsohon Hedimasta: Mai ƙaho ne, Hajiya. Wace makaranta yaron yake? A turo mini shi da hutu.