Neman kalma: me za mu kira aikin rage girman mama, kuma ina "gamsuwa" ta tsaya?

Mai fassara, Nima: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. An ba ni takardar bayani in mayar da ita Hausa kafin ranar Juma'a, domin wata ma'aikaciyar jinya a nan Akra za ta zauna da matan Zango, wato unguwannin Hausawa a Gana, waɗanda aka yi wa aikin da likitoci ke kira reduction mammaplasty, ta ji yadda suka samu kansu bayan aikin. Kalmomi uku ne suka tsaya mini: sunan aikin kansa, da satisfaction, da pedicle. Takardar tana kwatanta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tsarin da likitan Amurka Robert Wise ya bayyana a 1956, wanda ke barin tabo kewaye da baƙin kan mama, ya sauko tsaye, sannan ya bi ta ƙarƙashin mama kamar harafin T a kife. Ta biyu ita ce mai tabo kewaye da baƙin kan mama da na tsaye kaɗai, ba tare da na ƙarƙashin mama ba, wadda Claude Lassus na Faransa da Madeleine Lejour ta Beljiyam suka shahara da ita. Na rubuta "tiyatar rage nono", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ungozoma, Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki cire "rage nono" tun yanzu, domin duk mai shayarwar da ta ji shi za ta ɗauka ruwan nono ake nufi, alhali tsoron rasa shayarwa shi ne abu na farko da suke tambaya a kai. Ki ce "rage girman mama", tunda kunnuwa sun riga sun saba da "sankarar mama" a rediyo.

Ɗalibin likitanci, Kumasi: Ina bayan Inna ungozoma. Game da pedicle kuwa, shi ne ɓangaren naman da ake bari manne da kan mama, wanda jini da jijiyoyin ji ke bi su isa wurin, don kada kan ya mutu bayan an ɗaga shi sama. Ana iya barinsa daga ƙasa, ko daga sama, ko daga gefen da ke kusa da tsakiyar ƙirji, irin wanda Elizabeth Hall-Findlay ta Kanada ta bayyana a 1999. Ina ba da shawarar "mariƙin kan mama". Idan girman ya wuce kima, wani lokaci akan cire kan gaba ɗaya a dasa shi, kuma a nan ne shayarwa ba ta yiwuwa, jin wurin ma yakan ragu ƙwarai.

Tsohon malamin Hausa, Sabon Zango: 'Ya'yana, kafin ku kai ga mariƙi, ku gyara gindin maganar. "Tiyata" ba Hausa ba ce. Sunan ɗakin da likita ke yi wa majiyyaci aiki ne a bakin Turawa, muka ara muka lanƙwasa. Muna da "fiɗa", kuma "likitan fiɗa" yana cikin littattafanmu tun kafin a haife ku. Na daɗe ina kira da a ce "fiɗar sassauci" ga duk aikin da ake yi don rage wa jiki nauyi, domin kalmar ta haɗa yanka da manufarsa a wuri guda.

Ungozoma, Asawase: Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma matan da nake gani ba su san fiɗa ba sai a mahauta da ranar Babbar Salla. Idan na ce wa mace za a yi mata fiɗa, rago a rataye ne zai zo mata a ido, kuma ba za ta sake dawowa asibiti ba. Abin da suke faɗa da bakinsu shi ne "an yi mini aiki".

Tsohon malamin Hausa, Sabon Zango: To, wannan ita ce matsalarmu a Gana. Mun bar Hausarmu ta zama ta kasuwa, ba mu bambanta "ya" da "ta", sannan idan 'yan Kano suka yi mana dariya mu ji haushi. Takardar asibiti ai wurin ɗaga harshe ne.

Mai gabatar da shirin rediyo, Aboabo: Baba, da girmamawa nake faɗa, ita kanta Kano "tiyata" take cewa, kuma da ita ake karanta labarai a BBC Hausa. Hausar Zango ba ta buƙatar takardar shaida daga kowa. Kakanninmu sun kawo ta da fataucin goro ta garin Salaga, ta kuma rayu a tsakiyar harsunan Tiwi da Ga ba tare da makaranta ta raine ta ba. Ni da nake karɓar kiran masu sauraro kowace safiya, na san kalmar da ke shiga kunne da wadda ke komawa kan mai ita.

Mai fassara, Nima: Ina roƙon afuwa, iyayena, Juma'a tana matsowa. Kalmar da ta fi damuna ita ce satisfaction, wadda ake fassarawa da "gamsuwa". Tambayoyin da aka fi amfani da su a wannan fanni su ne BREAST-Q, waɗanda Andrea Pusic da abokan aikinta suka wallafa a 2009, kuma ana auna amsoshin daga 0 zuwa 100. Ba abu ɗaya suke tambaya ba: akwai yadda mace ke ganin siffar mamanta, akwai lafiyar jikinta, akwai yadda take ji a cikin mutane, akwai kuma bayanin da likita ya yi mata. "Gamsuwa" a kunnena ta fi kama da ta wanda aka kawo wa hujja ya yarda.

Ungozoma, Asawase: A nan ne nake so ku saurare ni. Na san wata mai sayar da atamfa da ta yi shekaru tana fama da ciwon wuya da baya. Igiyar rigar mama ta yi mata kwari a kafaɗu har yatsa yana shiga, kuma lokacin zafi sai ta naɗe ƙyalle da hoda ta sa a ƙarƙashin mama saboda ƙuraje. Bayan aikin na tambaye ta, sai ta ce, "Inna, an sauke mini kaya." Amma da na ce ta nuna mini tabon, sai ta juya fuska, domin ya tashi ya yi tudu a gefen da ke kusa da tsakiyar ƙirji, abin da ya fi samun masu baƙar fata irinmu. Mace ɗaya ce, amsa biyu. Idan kika tambaye ta "kin gamsu?" za ta ce alhamdulillahi, ta rufe maganar, kuma bambancin da ake nema tsakanin hanyoyin biyu zai ɓace, tunda sauƙin ciwo duka biyun suna kawo shi, a kan tabo da siffa ne suka fi rabuwa. Ki raba kalmar: "samun sauƙi" ga ciwo, "kwanciyar rai" ga siffa da tabo. Kuma kada "kwalliya" ko "gyaran jiki" su shiga takardar, domin da yawansu sun jinkirta neman magani ne saboda an ce musu canza halitta ne.

Ɗalibin likitanci, Kumasi: Wannan ya dace da abin da ake koya mana, cewa hanya mai tabo na tsaye tana rage tsawon tabo, amma wani lokaci takan bar tattarar fata a ƙasa har a buƙaci ƙaramin gyara daga baya. Sai dai a bar "gamsuwa" a kanun takardar, don masu bincike su gane.

Tsohon malamin Hausa, Sabon Zango: "Samun sauƙi" ai daga sassaucin da na faɗa ya fito, ko da ba ku amsa ba. Na yarda da shi, na kuma haƙura da "aiki", tunda aƙalla tamu ce. Amma "mariƙi" na tukunya ne da butoci, ban amince a ɗora shi a jikin mace ba.

Mai fassara, Nima: Na gode, Baba. Na rubuta "aikin rage girman mama", da "gamsuwa" a kanu, da kalmomin Inna biyu a cikin tambayoyi. A wurin pedicle zan sa "naman da ke kai jini zuwa kan mama" har a samu gajeriyar kalma. Inna, idan za ki iya karanta wa mata biyu ko uku shafin farko gobe a ɗakin awo, ki gaya mini inda suka tsaya suna tambaya.