Neman kalma: me za a kira riƙon kare na ɗan lokaci a rahoton gobe?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shiri, kuma an ba ni rahoto a kan gidan Battersea na Landan, inda ake tara karnukan da suka ɓata ko waɗanda masu su suka kasa riƙewa. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860 a unguwar Holloway, aka mayar da shi Battersea a 1871. Wannan duk na gama da shi. Kalmomi huɗu ne suka tsaya mini: "rescue dog", "foster", "adopt" da "terrier". Rahoton kacokan a kan bambancin ta biyu da ta uku yake, wato ajiye kare a gida na ɗan lokaci da ɗaukarsa gaba ɗaya, saboda haka ba zan iya cewa "kiwo" in wuce ba. A taimaka kafin dare ya yi.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ta farko mai sauƙi ce: karen ceto.

Malamin Nahawu: A'a. Mai sauraro zai ɗauka karen ne ke ceto, irin wanda ake kai wa inda gini ya rufta don ya shinshino mutane. Kamar karen farauta ne, ai shi ke yin farautar. Wannan kuwa shi aka ceta. Cetaccen kare, jam'i cetattun karnuka.

Mai Fassara: Nahawun ya yi, Malam, amma a kunne yana da nauyi. Zan ce "karen da aka ceto". Mu je ga ta biyu, nan gizo ke saƙar.

Hajiya Ta Ingila: Ƙanwata, bari in faɗa miki yadda abin yake, don yanzu haka akwai ɗaya a hannuna. Wata ƙaramar ƙungiya a garinmu ta ba ni wata 'yar karya fara mai ɗigon ja a kunne, tsayinta bai kai gwiwata ba. Tsohon da ke da ita ne ya rasu. Kafin su kawo ta sai da suka zo suka duba gidan, har shingen bayan gida suka bi da hannu ko akwai kafar da za ta sulale. Abinci da kuɗin likitan dabbobi duk su ke biya, kuma har gobe tasu ce, ba tawa ba. Kwana uku na farko a ƙarƙashin tebur ta yi su, ko tari na yi sai jikinta ya hau rawa. Yau sati biyar, tana jin motsin makullina take tahowa bakin ƙofa. Aikina in lura da halinta in gaya musu: tana tsoron yara? Tana iya zama ita kaɗai? Ran da aka samu wanda zai ɗauke ta gaba ɗaya, shi zai biya kuɗi, ya sa hannu, a mayar da sunansa kan rajistar 'yar na'urar da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta a nan tun 2016. Ni dai riƙo nake ce wa nawa.

Bakatsiniya: Hajiya, ki yi haƙuri, kalmar nan ta sosa mini rai. Ni 'yar riƙo ce. Gwaggona ta ɗauke ni ina shekara huɗu, a ɗakinta na girma, ita ta yi mini kayan ɗaki. In na kunna rediyo na ji ana cewa "karen riƙo", wallahi kashewa zan yi. Mutane nawa aka yi wa gori da kalmar nan suna yara? Yanzu kuma a haɗa mu da kare?

Hajiya Ta Ingila: Allah ya huci zuciyarki, ban faɗa don in muzanta kowa ba. Abin da na sani shi ne amana aka ba ni, kuma ranar rabuwa tana zuwa, ina jin ta a raina tun yanzu.

Ɗan Zazzau: To a ce raino mana. Ko tallafi ga ta ukun, tunda ɗan tallafi shi ne wanda aka ba ka ya zama naka.

Malamin Nahawu: Tallafi yau kowa kuɗin gwamnati zai ji, ko na man fetur. Raino kuma na jariri ne, karnukan nan da yawansu tsofaffi ne. Amma ku bar wannan tukuna, ni ta huɗun ce ta dame ni, wato "terrier". Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin ƙasa, domin kare ne da aka tanada don ya bi dabba cikin rami. Hausa tana da ma'aunin wannan: gagara ta ba mu gagarau, manta ta ba mu mantau. Tona sai ta ba mu TONAU. Ki sa tonau, ki kafa tarihi.

Ba'are Daga Dosso: Gaskiyar Malam a kan asali, a Faransanci ma kalmar tana nufin ramin zomo ko na yanyawa. Amma tonau a kunnena mai tona asiri ne ko mai tonon faɗa.

Malamin Nahawu: Kullum haka kuke yi. An kawo ta gida kun ƙi, gobe ku ce "teriya" kuna alfahari. Harshen da bai ƙirƙira ba aro zai ƙare a kai. Shekara nawa muna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin kwamfuta ta zo ta danne ta saboda lalacinmu?

Ɗan Zazzau: Malam, mota da asibiti da likita duk aro ne, kuma Hausa ba ta mutu ba. Sannan wa ya ce sai abin da aka yanke a Kano zai zama Hausa?

Malamin Nahawu: Ban ambaci Kano ba. Ma'aunin da na kawo har Sakkwato da Damagaram ana amfani da shi.

Jikan Maharba: Ku tambaye mu masu karnuka mana. Kakana da karnuka bakwai yake fita, namu dogaye ne masu siririn ciki, gudu suka iya. In gafiya ta shige rami mu ke haƙa, karen yana tsaye yana jira. Wanda zai shiga ramin da kansa ba mu da irinsa, shi ya sa ba mu da sunansa. Ku ce ƙaramin karen shiga rami, ko yaro ya gane.

Mai Fassara: Wannan ya yi mini, Baba, don a rahoton an ambaci wani nau'in "terrier" da ake kira Jack Russell, wanda ya samo suna daga wani limamin coci maharbi a yankin Devon, John Russell, da ya rasu a 1883. Irinsu biyu Sarauniya Camilla ta ɗauko daga Battersea, Beth da Bluebell. Amma jama'a, ƙarfe tara ta wuce kuma har yanzu ba ni da ta biyu.

Wani Almajiri: Ni tambayata, me ya sa za a ɓata lokacin rediyo a kan karnukan Turawa alhali ga marayu a gari?

Hajiya Ta Ingila: Ɗana, jinƙai ba ya ƙarewa don an yi wa dabba. Ka san hadisin mutumin da ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa.

Ba'are Daga Dosso: Ku saurara, ga wata. Riƙon ƙwarya. Kowa ya san shugaban riƙon ƙwarya: kujera ba tasa ba ce, yana riƙe da ita ne kafin mai ita ya zo. Abin da Hajiya ta kwatanta ke nan daidai. Kuma hankalin mai sauraro mulki zai tafi, ba ɗan riƙo ba.

Ɗan Zazzau: Ta zauna! Ta ukun kuma "ɗauka ɗungurungum", ko "karɓa ya zama nasa".

Bakatsiniya: Har yanzu akwai riƙo a ciki. Amma in dai ba za a taɓa cewa "karen riƙo" ba, na haƙura.

Mai Fassara: Na yi miki alkawari, Yaya. Ga yadda zan karanta: "Wasu kan yi wa karen da aka ceto riƙon ƙwarya a gidajensu na 'yan makonni, har a samu wanda zai karɓe shi ya zama nasa." Ta huɗun zan ce "teriya, wato ƙaramin karen shiga rami" sau ɗaya, daga nan in ci gaba da "teriya".

Malamin Nahawu: Riƙon ƙwarya na amince, ko da yake tsawonta ya yi yawa. Teriya kam ban yarda ba, kuma a ajina tonau zan koyar. Ki turo mana sautin in an watsa.