Tayar da Peugeot 504 irin ta gasar Safari a Jos: ta ina ake farawa?

Sabo Bukuru

Assalamu alaikum masana. Akwai Peugeot 504 salun mai ƙofa huɗu, ƙirar Faransa, irin mai injekshan, da ake son a tayar da ita ta koma siffar motocin da suka yi gasar tseren motoci ta Safari a shekarun 1970. Ta daɗe a ajiye a fili. Injin yana juyawa da hannu, amma baƙin man ya yi fari-fari, bel ɗin famfon Kugelfischer, wato famfon injekshan da ke tura fetur cikin inji, ya tsinke, tsatsa kuma ta huda daɓen wajen direba. Tambayoyina uku ne. Wace 504 ce ainihin wadda ta ci gasar? Da me za a fara, inji ko bodi? Sannan a bar injekshan ɗin, ko a mayar da ita kafireta, ko a nemi injin V6 mai silinda shida kamar yadda wasu ke ba da shawara? Za ta riƙa bin hanyoyin burji ne na kewayen Jos, wani lokaci ta sauka Abuja.

Malam Nuhu Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malam Sabo. Mutane suna haɗa motoci biyu wuri ɗaya, shi ya sa maganar V6 take shigowa.

Wadda ta ci Safari ta 1975 a Kenya salun ce mai ƙofa huɗu da inji mai silinda huɗu, wato irin taka. Ove Andersson ɗan Suwidin ne ya tuƙa ta, Arne Hertz yana karanta masa hanya. Tafiyar ta haura kilomita 5,000, a lokacin Ista, daidai da damunar can. A shekarar dai Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da 504, mai karanta masa hanya kuwa Jean Todt ne, wanda daga baya ya shugabanci FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. A 1976 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin ta Maroko.

Mai V6 daban take. Ita ce 504 Coupé mai ƙofa biyu, ƙirar Pininfarina, tazarar tayoyinta na gaba da baya milimita 2,550, alhali ta salun 2,740. Injinta shi ne PRV mai cc 2,664 da Peugeot da Renault da Volvo suka yi tare. Da ita Nicolas ya ci Safari ta 1978, ya kuma ci gasar Bandama ta Kodebuwa a shekarar. Don haka in aka dasa V6 a salun, ba ta zama ta 1975 ba, ba ta kuma zama ta 1978 ba.

Abin da ya ba 504 nasara a Afirka shi ne juriya. Akwai motocin da suka fi ta gudu a 1975, irin su Lancia Stratos, amma ita ta riga su isa. Ƙafafunta suna da dogon zirga-zirga, bodinta yana shan duka bai tsage ba. Wannan juriyar ce ta sa da kamfanin Peugeot na Kaduna (PAN) ya fara haɗa motoci a 1975, Fijo ta zama motar gwamnati da ta tasha duka. Amfanin hakan gare ka shi ne kayan ƙafa da na inji mai kafireta ba za su gagara ba a Dilimi ko Panteka ta Kaduna.

Ka ajiye farantin lambar shasi da ta inji yadda suke, kuma duk inda za a nuna motar a faɗa ƙarara cewa kwaikwayo ce.

Oga Bala Fanel

Malam Sabo, da bodi za a fara, babu ja. 504 ba ta da shasi daban kamar a-kori-kura, bodin ne shasin. In ya ruɓe, duk kuɗin da aka zuba a inji asara ne.

A sauke inji da giya da tankin mai, a cire kujeru da kafet da gilasai. Tankin ya fita daga wurin gaba ɗaya kafin a kunna walda. A kankare baƙin kwaltan da ke ƙarƙashi, domin ruwa yana shiga bayansa ya ci ƙarfe, daga waje ana ganin lafiya lau. Ruwan Jos daga Afrilu zuwa Oktoba ya sa motocin nan sun fi na Kano ruɓewa.

Ramin daɓen da ka gani shi ne mai sauƙi. Wuraren da suka fi muhimmanci su ne dogayen akwatunan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren sa jak, kan shokozoba na gaba a cikin ɗakin inji, gindin gilashin gaba, da inda ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya yake ɗaure da bodi. A bi su da tsinin sukudireba ana dannawa. A bi sauran jikin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika.

Kafin a yanka komai a auna. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya 2,740 ne kowane gefe. Sannan a auna a gicciye ta ƙasa, daga kusurwa zuwa kusurwa. In gicciyen biyu suka bambanta da abin da ya wuce milimita kaɗan, motar ta taɓa haɗari, sai an ja ta ta miƙe tukuna. In za a yanke akwatin ƙarƙashin ƙofa, a fara walda ƙarfe a gicciye a bakin ƙofar, in ba haka ba bodin zai lotsa, ƙofofi su daina rufuwa daidai.

Faci ya zama da farantin da kaurinsa ya yi daidai da na asali, wajen milimita 1 a daɓe, 1.5 zuwa 2 a wuraren ɗaukar nauyi. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ƙarfe mai haske, a haɗa baki da baki. Ɗora sabo a kan tsoho yana barin ruwa a tsakani. Waldar kabaid tana yaɗa zafi ta murɗe faranti, gara a nemi mai injin waldar lantarki irin MIG.

Don hanyar burji, sai a ƙarfafa haɗe-haɗen bodi: walda santimita biyu da rabi, a bar tazarar uku, a sake. Kada a ja layi ɗaya dogo, ƙarfen zai yi tauri ya tsage a gefen waldar. Kuma a riƙa sauya gefe don kada zafi ya taru wuri ɗaya. Bayan an gama a shafa farin fenti mai hana tsatsa, a fesa kakin hana ruwa cikin akwatunan.

Baba Iliya Makaniki

Farin man nan alama ce ruwa ya shiga. A injin 504 hanyoyin shigarsa uku ne: gasket ɗin top, wato kan injin, ya ƙone, ko top ɗin ya ci saboda alminiyom ne kuma an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya, ko ruwa yana bi ta gindin silib, wato bututun da fistin ke zirga-zirga a ciki. Injin nan XN ne, cc 1,971, faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin 81, kuma silib ɗinsa ana zare su ne, ruwa yana kewaye da su kai tsaye.

To ga inda yara suke ɓata aiki. In aka kwance notocin top, ba a ɗaga shi sama tsaye, domin yana iya tasowa da silib. Ana girgiza shi gefe ne har gasket ya saki. Da zarar ya fita a danne silib ɗin da washa da noti. Wanda ya juya karanshaf ba tare da ya danne su ba, fistin zai ɗaga su, hatimin gindi ya lalace, a haɗa inji a kunna ruwa ya koma cikin mai.

Tunda motar ta daɗe a kwance, a zare su duka. A wanke mazauninsu a bulok, a duba ko tsatsa ta ci wurin. Wajen mayarwa, kowane silib dole ya ɗan fito sama da fuskar bulok, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ainihin adadin yana littafin gyara na shekarar injin, kuma ana daidaita shi da hatimi mai kauri daban-daban. Da agogon awo ake yi, ba da yatsa ba. In ya yi ƙasa gasket ba zai matsu ba. In ɗaya ya fi maƙwabcinsa tsawo, gasket zai ƙone a tsakaninsu.

A kai top a gwada shi da matsin ruwa a ga ko ya tsage. In za a goge fuskarsa a cire kaɗan ƙwarai. Tazarar bawul, inji a sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.25. Tsarin wuta 1-3-4-2, kuma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba. A sa sabuwar sarkar taimin da abin matse ta.

Kada a cire tamostat, musamman a sanyin Jos. Injin da bai ɗumama ba yana wanke silinda da fetur ya ci zobe. A tsayin Jos, wajen mita 1,200, ruwa yana tafasa a kusan digiri 96, don haka murfin lagireto ya zama sabo mai riƙe matsi, a zuba ruwan kulan na gaskiya. Fankar 504 tana da kuloci na lantarki da ke kama ta in zafi ya tashi. A gyara shi ya yi aiki.

Ni a ganina, ɗana, a ajiye injekshan a kwali, a sa kayan kafireta Solex na XN1, wato injin 504 mai kafireta. Ƙarfin doki casa'in da wani abu ne maimakon ɗari da ɗan kai, amma kowane makaniki daga nan har Akwanga zai iya taɓa ta.

Sabo Bukuru

Na gode Baba. In an sa kafireta, saitin Jos zai yi a Abuja?

Injiniya Hajara, Abuja

Ba zai yi daidai ba, kuma a nan ne nake ɗan saɓa wa Baba, tare da girmamawa. Iskar Jos ta fi ta bakin teku rashin nauyi da wajen kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Kafiretar da aka saita don ƙasa za ta riƙa ba da mai fiye da kima a kan tsauni, fulogi su yi baƙi. Maganinsa a rage babban jet, wato ƙaramin ramin da ke auna fetur a kafireta, da mataki ɗaya, misali daga 125 zuwa 120, a duba launin fulogi bayan tafiya mai ƙarfi. Amma Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba. Da wannan ƙaramin jet ɗin, in ta sauko man zai yi kaɗan, inji ya yi zafi ya fara ƙwanƙwasa a hawa. Sai dai a riƙa yawo da jet biyu.

Injekshan ɗin kuwa shi ne ke sa motar ta zama irin ta 1975. Kafin a yanke masa hukunci a gwada. Tsohon fetur yana daskarewa ya kama ƙananan fistin huɗun da ke cikin famfon. Kada a juya shi da ƙarfi. A jiƙa shi kwanaki, a riƙa motsa shi a hankali da hannu. Masu gyaran nozul na dizal za su iya gwada feshin injekta huɗun, a ga ko suna buɗewa a matsi ɗaya ba sa ɗiga. A wanke tanki, a sauya dukkan tiyon mai da matata, a duba famfon lantarkin da ke turo mai daga baya. Abin da ba a yi shi ne taɓa sukurorin saitin cikin famfon da ka. In famfon ya ci har ciki, to sai a koma maganar Baba, amma a adana komai.

Birki: Hawan Kibo, gangaren da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, shi ne jarrabawar. Man birki yana shan danshi. Man birki irin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, feda ta nutse ana tsakiyar gangara. A zubar da tsohon duka, a sauya tiyon roba, a kwance kalifa huɗun da ke matse faifan birki a sa sababbin roba, tunda irin wannan salun faifai take da shi gaba da baya. A sauka da giya ta biyu ko ta uku.

Kejin kariya kuma, wato sandunan ƙarfen da ake kafawa cikin mota don kare direba in ta kife, kada a yi shi da bututun ruwa. Ƙa'idar FIA ita ce bututun ƙarfe marar ɗinki, babban baka milimita 45 da kauri 2.5, ko 50 da kauri 2, sauran sandunan 38 da 2.5 ko 40 da 2. Kowace ƙafa ta zauna kan farantin milimita 3 mai faɗin santimita murabba'i 120 da aka walda a bodi, da noti uku M8 masu lamba 8.8. Bututun ruwa yana da ɗinki, yana tsagewa in mota ta kife, kuma zinkin jikinsa yana fitar da hayaƙi mai guba wajen walda. In an sa keji, dole kujerar tsere da bel mai maɗauri huɗu ko fiye da hular kwano, domin kai yana iya bugun ƙarfen.

Oga Bala Fanel

Ƙari kan maganar Injiniya: a yi kejin kafin fenti, bayan an kammala facin daɓe, kuma a gwada kujerar a ciki tukuna don a san inda babban bakan zai tsaya.

Farantin kare ƙarƙashin inji ya zama alminiyom milimita 6 zuwa 8, a ɗaure shi a jikin ƙarfen bodi, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da kwanon mai, a cusa roba mai tauri don kada tsakuwa ta maƙale ta huda kwanon. Wilin 504 noti huɗu ne a da'irar milimita 140, na 505 yana shiga. Kada a ɗaga motar fiye da santimita uku zuwa huɗu, domin sandunan da ke juya tayoyin baya za su karkace da yawa, robobinsu su yage. Malam Sabo, ka turo hoton kan shokozoba na gaba da gindin ƙafafun baya bayan an kankare, daga nan za a san ko faci za a yi ko sai an nemo wani bodin a yanko.