Baƙin tabon fuska: abin da 'yan uwa suka faɗa

Na tattara shawarwarin da aka bayar kan melasma, baƙin tabon da ke fitowa a kumatu da goshi, musamman ga masu juna biyu da masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa.

1. Baki ya zo ɗaya cewa hasken rana yana ƙara tabon. A shafa man kariya mai SPF (lambar ƙarfin kariya daga rana) 30 ko sama kullum, a sake shafawa idan an daɗe a waje. Wasu sun ce zafin murhu ma yana ƙara shi.

2. A bar man bilicin na kasuwa. Da yawa akwai siteroyid ko makyuri a ciki, sinadaran da ke iya lalata fata. Fuska ta yi haske, daga baya tabon ya dawo ya fi da. Nan ne ya fi damuna, don wasunmu sun riga sun ƙone fata.

3. Haidurokwinon, maganin shafawa mai rage baƙin fata, yana aiki, amma da izinin likitan fata, na 'yan watanni kawai. Mai ciki ta guje masa da tiretinoyin (wani maganin shafawa), ta tambayi likita game da azelayik asid, shi ma na shafawa ne.

4. An rabu kan lesa, wato maganin tabo da hasken na'ura: wasu sun samu sauƙi, wasu tabon ya ƙaru. Lemun tsami kuwa, mafi yawa sun ce yana ƙona fata.