Ina waƙoƙin da mata suka yi wa 'yan'uwansu mata?

Ummu Salma (Mabera):
Assalamu alaikum. Tun muna yara muke jin Narambaɗa da Ɗankwairo da Salihu Jankiɗi suna wasa sarakuna a gidan rediyon Rima, har yaro ya haddace kirarin basaraken da bai taɓa gani ba. Amma da ɗiyata ta tambaye ni ko akwai mawaƙiyar da ta taɓa tsayawa ta yabi wata mace saboda halinta ko aikinta, sai na rasa amsar da zan ba ta. Ina roƙon iyayenmu da malamanmu da ke wannan zaure su haska mini.

Malam Buhari (Kanwuri):
Wa alaikumus salam. Malama, amsar tana kusa da ke, domin ba sai kin wuce Hubbare, makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi wa mata waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Akwai waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka, inda ta fara da matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko kan matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Sarkin Musulmi Bello, marsiyya mai ratsa zuciya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta taƙaita ga 'ya'yan gidan sarauta ba, domin ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, ta kuma yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajin da ke jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka zuwa gare ta. Abin da take yabo a wurinsu shi ne haƙuri da zumunci da neman ilimi da sasanta mutane.

Hajiya Inno (Runjin Sambo):
Malam ya yi gaskiya, sai dai Nana Asma'u malama ce mai alƙalami, ita kuwa ɗiyata Ummu, in na fahimce ta, mawaƙan baka take nufi. Waɗannan sun yi wa mata waƙa da yawa, amma a cikin gida suka yi ta, inda namiji ba ya shiga, balle mai ɗaukar murya na gidan rediyo. A zamaninmu idan an yi biki ko suna, masu amada kan kifa ƙwarya a cikin ruwa su yi ta bugawa, zabiya tana kiran sunan uwar biki da na iyayenta mata, tana faɗin yadda ta riƙe marayu ko yadda ta aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙuli-ƙuli da furar da take sayarwa. Ana guɗa, ana liƙi, gari na wayewa kuma waƙar ta tafi da wadda ta rera ta. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce Allah Ya ba sa'a muryarta ta shiga kaset, shi ya sa kowa ya san yadda ta dinga zuga mata su kama sana'a. A Kano kuma an yi Uwaliya Mai Amada.

Malam Buhari (Kanwuri):
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, na karɓi gyara. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya: yawancin yabon gidan biki na wadda ta yi kyauta ne, ko da kuwa halinta bai kai ba, saboda haka ban ga yadda za a jera shi da marsiyyar da aka yi wa wadda ta riga ta kwanta dama ba, wadda ba ta da ko anini da za ta bayar.

Hajiya Inno (Runjin Sambo):
To Malam, su makaɗan fada da kyauta suke yi wa sarakuna waƙa? Dawaki da riguna ake ba su, kuma ba wanda ya ce waƙarsu ta rage daraja. Ita ma zabiya ba ta iya yabon marowaciya da kyauta a gaban matan unguwa da suka san ta ciki da waje, domin dariya za a yi mata. Kada kuma a manta da mata masu bege da ke yabon Nana Faɗima a lokacin Mauludi.

Ummu Salma (Mabera):
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Inna, kakar mijina tana nan da rai a Wurno, kuma an ce ta yi amshi a ƙuruciyarta. Ranar Juma'a zan tafi da ɗiyar tawa da waya, mu ga abin da za ta iya tunawa.