Wayar injin tayar keke na mai caji ta ci a bakin shaf, canzawa zan yi ko haɗawa?

Mai Keken Caji:

Salam yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar keke mai caji ku taimaka min. Nawa irin mai inji a cikin tayar baya ne, 48V 1000W, wanda babu giya a ciki. Notin shaf ɗin, wato ƙarfen tsakiyar tayar da ake ɗaurewa a firam, shi ne ya saki ina kan tafiya, shaf ya juya a mazauninsa ya naɗe wayar, yanzu daidai inda take fitowa daga ramin shaf ɗin, robar wayar ta yage har ina hango jan ƙarfen. Tun daga nan in na murɗa totur sai ya yi gurnani ya fizga kawai baya tafiya, kuma ko a kashe yake in na tura shi tayar ta yi nauyi sosai. Wani mai gyara yace wai sai dai in sayi sabuwar taya sukutum, ni kuma kuɗin ba kaɗan bane wlh. Ana iya zare wayar gaba ɗaya a sa sabuwa? ko in yanke wajen da ya ci in haɗa in naɗe da salatif? Ina da ayan ɗin soda da mitar auna wuta a gida, ina ɗan taɓa gyaran wuta.

Ɗan Gareji:

Wslm. Malam ka daina murɗa totur ɗin nan tukunna, cire batir ka ajiye gefe. Nauyin da kake ji alama ce manyan wayoyi biyu sun haɗu. Amma kafin ka kwance komai yi wannan: zare soket ɗin da ya haɗa injin da kwanturola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin daga batir, sannan ka juya tayar da hannu. In ta saki ta koma juyawa lafiya to shot ɗin yana cikin kwanturola, MOSFET ya ƙone kenan, wato ɗaya daga ƴan makunnan cikinta masu sakar wa injin wuta, in kuma har yanzu da nauyi to a wayar ne ko cikin injin. Zai iya zama duka biyun ma, dan waya in ta haɗu ana cikin tafiya ba kasafai take barin kwanturola lafiya ba.

Maganar salatif kuma manta da ita. Da a ce tsakiyar waya ne ya ci da sai in ce yanke ka haɗa, amma a bakin shaf babu abin da zaka kama ka yi soda a kai, kuma yawanci cin yakan shiga ciki fiye da inda ido ke gani. Sabuwar taya ba dole bace, waya ce kawai.

Mai Naɗin Koyil:

Ƙanena aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ni sana'ata naɗin fanka da injin ban ruwa ce amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 irin waɗannan tayoyin suke ta zuwa shago, kuma mafi yawa ciwon nan naka ne.

Abin da ke cikin robar nan waya takwas ne. Manya uku, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, su ke kai wuta koyil. Ƙanana biyar na sensa ne, masu gaya wa kwanturola inda tayar ta kai wajen juyawa, ja 5V, baƙi nagetif, sauran ukun kalarsu ɗaya da manyan. Wani injin zaka ga fara ta tara, ta sifid ce ko ta auna zafi. Duk ta cikin ramin shaf suke bi su ɓullo ciki.

Murfin ɓangaren da wayar take shi kaɗai zaka buɗe. Ka ja layi da maka daga murfin zuwa jikin tayar saboda ka mayar yadda yake, ka kwance sukurorin, in ya ƙi ɗagowa ka mayar da noti a ɗaya bakin shaf ɗin ka dunguri katako da shi a hankali, kar ka sa sukundireba kana ɓanɓara zaka tauna bakin. Abin da nake roƙonka kar ka fitar da koyil ɗin daga cikin maganaɗisu in ba dole ba. Maganaɗisun nan ba na wasa bane, wajen mayarwa yakan fizge koyil ɗin lokaci ɗaya, in yatsa na tsakani sai dai a ce Allah ya kyauta. Kana buɗewa ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare kafin ka taɓa komai, musamman ɗan allon da ƙananan wayoyin suke zaune a kai.

Wajen zarewa ga dabara: kar ka fizge tsohuwar ka bar ramin haka. Ka yanke ta daga ciki, ka liƙa bakin sabuwar da dalma a jikin ɗaya daga tsofaffin, haɗin ya zama siriri ba dunƙule ba, sai ka ja tsohuwar ta jawo maka sabuwa. Wani shaf ɗin ramin yana da kwana a ciki, nan ne mutum ke yin gumi. Ɗan ruwan sabulu yana taimakawa, ka bari ya bushe daga baya. Kafin nan ka sa ɗan magagari ko samfefa ka kashe kaifin bakin ramin, dan shi ne wuƙar da ke yanka robar.

Soda kuma ayan ɗin gyaran wayar salula ba zai yi ba, nemi mai 80W ko 100W, saboda kowane bakin koyil siraran wayoyi ne da yawa aka murɗe waje ɗaya suna shanye zafi. In ka kai inda akwai fentin koyil ka kankare sai jan ƙarfe ya fito fes, ko guda ɗaya ka bari bai kama dalma ba wannan layin zai riƙa zafi. Ka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ka ɗora rigar zaren gilas irin wadda ka tarar, sannan ka ɗaure su kwance yadda murfin ba zai goge su ba in yana juyawa.

Solar Boy:

Tunda dai an buɗe ai gara ka sa mai kauri kawai oga. Wayar kamfani siririya ce, sa 4mm irin mai laushin nan ta silikon, keken zai ƙara ƙarfi ya daina zafi.

Mai Naɗin Koyil:

A'a ɗan uwa, ta ina 4mm uku da ƙanana biyar zasu wuce a ramin nan? Ita silikon robarta kauri gare ta ga saurin yagewa, tana gogar ƙarfe ta buɗe, a waje tana da kyau amma banda cikin shaf. Ta Teflon ake sawa, rigarta siririya ce tana jure zafi. Ya auna ramin, in 2.5mm ta shiga ba tare da dole ba to madalla, in bata shiga ba ya mayar da irin kaurin da ya tarar, yana fitowa daga shaf da kamar tsawon hannu sai ya haɗa da mai kaurin har zuwa kwanturola. Kuma waya bata ƙara wa keke wani ƙarfin a zo a gani, kwanturola ce ke yanke amfiya nawa zai sha. Mafi sauƙi ma ya nemi wayar da ake sayarwa a haɗe, takwas ɗin cikin riga ɗaya.

Mai Keken Caji:

Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Na zare soket ɗin kamar yadda Ɗan Gareji yace, nauyin na nan, amma da na ɗan raba wayoyin a wajen da ya ci sai tayar ta saki. Baba Mai Naɗi to sensa fa, ya zan gane ko sun tsira? kar in rufe in sake buɗewa.

Ɗan Gareji:

To ka ga koyil ɗinka da alama lafiya lau. Kana gama soda, kafin ka rufe, auna manyan ukun biyu biyu a mita, ya kamata su baka kusan lamba ɗaya ƙarama sosai, sannan in ka auna tsakanin kowacce da jikin shaf kar mitar ta yi ƙarar haɗuwa ko kaɗan.

Sensa sai da kwanturola ake gwada su. Ɗora murfin da sukuru biyu kawai, jona ƙananan wayoyin ka kunna, kar ka taɓa totur. Tsakanin ja da baƙi ka ga wajen 5V. Sai ka bar baƙin bakin mita a baƙar waya, jan kuma a kan ruwan ɗorawa, ka juya tayar sannu sannu, zaka ga tana tsalle daga kusan 0 zuwa kusan 5 tana komawa. Haka kore, haka shuɗi. Wadda ta tsaya cak a lamba ɗaya ta mutu, kuma in babbar waya ta taɓa ƙarama lokacin da abin ya faru kar ka yi mamaki, 48V ne ya shiga inda 5V ke bi. Duba lambar jikinta, yawanci 41F ce, ba tsada, ni ukun nake canzawa gaba ɗaya tunda an riga an buɗe.

In ka rikita kaloli hanyoyin haɗawa 36 ne, shida na manya sau shida na ƙanana, sai ka yi ta gwadawa, sai dai in kwanturolarka mai wayar koyon kai ce, wadda in an jona ta take gano jerin wayoyin da kanta. Shi yasa aka ce ka yi hoto. Wajen ɗaurawa ka juya shaf ɗin yadda wayar zata fito tana kallon ƙasa ta ɗan yi lanƙwasa kafin ta hau sama, saboda ruwan damina kar ya bi ta ya shiga ciki, ka toshe bakin ramin da gam ɗin silikon. Sannan ka duba mazaunin shaf ɗin a jikin firam, tunda ya taɓa juyawa tabbas ya buɗe baki, noti kaɗai ba zai riƙe 1000W ba. Ka kai wa mai walda ya yanko maka falan ƙarfe mai kauri kamar 5mm, ramin ya kama gefe biyun nan masu faɗi na shaf ɗin tsam, a ɗaure shi a firam. Turo hoton mazaunin in gani ko zai gyaru.